Kakana tsohon sojan Yaƙin Basasa ne, ta ina zan fara naɗar labarinsa?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Kakana na wajen uwa ya yi Yaƙin Basasa, yanzu ya kusa shekara tamanin. Yakan ɗan gutsura mana labari, amma biyu zuwa uku ne kullum yake maimaitawa. Ina so in naɗi labarinsa duka, in Allah ya yarda ya zama littafi. Waya kawai gare ni. Ta ina zan fara, kuma me zan kiyaye?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ajiye zancen littafi tukuna, ka fara da murya, kuma cikin makon nan in da hali. Wanda ya shiga soja yana da shekara 18 a 1967 haihuwar 1949 ne, ka ga ƙaramin cikinsu ma ya tsufa. Mun riga mun yi wannan asarar sau ɗaya da 'yan Boma, mutanen Runduna ta 81 da ta 82 na Afirka ta Yamma da suka yi wa Ingila yaƙi da Japan a Yaƙin Duniya na Biyu. Sunayen wuraren da suka gwabza suna nan a jikin barikoki, Dalet a Kaduna, Arakan da Myohaung a Legas, amma abin da farabiti, wato ƙaramin soja marar igiya, ya gani da idonsa, kaɗan ne ƙwarai aka naɗa kafin ƙasa ta rufe musu ido.

Kana da wata sa'a da wataƙila ba ka lura da ita ba: kai jika ne. Abin da tsoho ba zai iya faɗa wa ɗansa na fari ba saboda kunya, yakan faɗa wa jika cikin wasa. Yi amfani da wasan wajen buɗe ƙofa, amma da zarar ya nutsa cikin labari ka ajiye tsokana. Ranar da za ka nemi izininsa kada ka je da waya a hannu. Zauna, ku gaisa, ka faɗa masa abin da kake so, dalilinka, da waɗanda za su ji. Ka kuma fito fili ka ce masa wannan aikin ba shi da alaƙa da fansho ko tantancewa. Tsofaffin sojoji sun sha wuya a kan haƙƙinsu, don haka duk wanda ya zo da takarda da tambayoyi, ko dai su ɗora masa buri ko su yi masa kallon ɗan leƙen asiri, kuma dukkan biyun suna lanƙwasa labari.

Kafin zaman farko, roƙe shi ya fito da akwatinsa. Takardar sallama, katin fansho, hotuna, lambobin yabo, wasiƙu in akwai. Ɗauki hoton kowace takarda gaba da baya, a cikin inuwa mai haske, ba da filashin waya ba. Abu uku kake nema a ciki: lambarsa ta soja (ta yawancin mutanen wancan zamani tana farawa da 63NA), ranar da aka ɗauke shi, da bataliyar da ya yi aiki. In ka san bataliya da runduna, ka san gefen da ya yi yaƙi, domin yaƙin nan kusan yaƙi uku ne a cikin ɗaya.

Runduna ta Ɗaya, ƙarƙashin Muhammadu Shuwa, ita ta gangara daga arewa. An fara harbi ranar 6 ga Yuli 1967 a Gakem ta wajen Ogoja, aka ci Nsukka a watan, aka shiga Inugu ranar 4 ga Oktoba, sannan Umuahia a Afrilun 1969. Runduna ta Biyu ta Murtala Muhammed ta ƙwato Binin a Satumbar 1967, ta isa Asaba a Oktoba, ta yi ta ƙoƙarin ƙetare Neja da jiragen ruwa zuwa Anacha ana yi mata ɓarna, har ta haƙura ta zagaya ta Idah, ta kama Anacha a Maris 1968. A ƙarshen watan nan, ranar 31, aka yi wa ayarin motocinta kwanton ɓauna a Abagana. Runduna ta Uku ta Benjamin Adekunle ta ruwa ta shigo: Bonny a Yulin 1967, Kalaba a Oktoba, Fatakwal a Mayun 1968, Aba da Owerri a Satumba. Owerri ta suɓuce mata a Afrilun 1969, Obasanjo ya karɓi rundunar a Mayu, aka gama yaƙi ranar 15 ga Janairu 1970. Rubuta waɗannan a takarda ɗaya ka sa a aljihu. Ba don ka yi masa gyara ba ne, don ka san inda kuke ne in ya ce "da muka tsallaka ruwa". Samo taswirar kudu maso gabas mai manyan haruffa, ka ba shi ya bi da yatsa. Sau da yawa sunan ƙauye ɗaya a kan taswira yakan tono labarin da ya yi shekara hamsin a binne.

Kada ka tambaye shi wata da shekara, ba zai riƙe ba, in ka matsa kuma zai ƙirƙiro maka don ya rabu da kai. Tambaye shi damina ce ko rani, an yi azumi ko ba a yi ba, wa ke riƙe da runduna. Azumi uku aka yi a cikin yaƙin, duka a ƙarshen shekara: na Disambar 1967, na Nuwamba zuwa Disambar 1968, da na Nuwamba zuwa Disambar 1969. Babbar Sallah biyu ce kacal, ta Maris 1968 da ta ƙarshen Fabrairun 1969. An kuma canja takardun kuɗi a Janairun 1968. Da waɗannan turaku za ka iya ɗaure kusan kowane labari a wurinsa, ko da kuskuren wata ɗaya ko biyu.

Wayarka ta isa, in ka kiyaye abu kaɗan. Sayi ƙaramin makirufo mai maƙalawa a wuyan riga, ka maƙala kamar santimita 20 ƙasa da haɓarsa, ka tabbata babbar riga ko carbi ba sa gogarsa. In babu, ɗora wayar a kan matashi, kada nisanta da bakinsa ya wuce kamu ɗaya. In ka ɗora ta a kan teburi ko faranti, duk wanda ya ajiye kofi sai ka ji kamar an harba igwa. Katse layin gaba ɗaya kafin ka fara, domin kira ɗaya kan yanke naɗi, kuma ba za ka sani ba sai bayan tsoho ya gama labarin da ba zai sake ba. Yi amfani da manhajar naɗar murya, ka zaɓi tsarin WAV, wanda ba ya matse sauti, in tana da shi: awa ɗaya kan ci megabait 300 zuwa 600, MP3 mai kyau kuma kamar 60. Kada ka naɗa da saƙon murya na WhatsApp, yana matse sauti, ga shi yatsa ɗaya kan goge shi. Bidiyo yana cin gigabait da yawa a awa, yana kuma sa tsoho ya gyara zama ya koma yi wa duniya jawabi. Murya za ka sa gaba, bidiyo ka bar shi na minti goma zuwa sha biyar, lokacin da yake nuna hoto, ko tabon harsashi, ko yadda ake sara wa hafsa.

Babban abokin gabarka shi ne fanka, sai janareta, sai injin markaɗen maƙwabta. Kunnenka yana tace su, makirufo ba ya tacewa. Ɗaki mai katifa da labule ya fi zaure mai siminti, don zaure yana amsa kuwwa, kuma ba ya rabuwa da masu sallama. Naɗi minti ɗaya na gwaji ka saurara da abin kunne kafin kowane zama. Lokacin da ya fi shi ne hantsi, bayan ya karya, ko tsakanin la'asar da magariba. Zama ɗaya kada ya wuce awa ɗaya zuwa ɗaya da rabi. Shirya wa zama biyar zuwa takwas, da tazarar kwana biyu ko uku, saboda a cikin tazarar ne ƙwaƙwalwa take aikinta: za ka dawo ya tare ka da "af, na manta ban gaya maka ba". A farkon kowane naɗi faɗi kwanan wata, gari, sunansa da naka. A na farko kuma ya faɗa da bakinsa cewa ya yarda a naɗa, da abin da ya yarda a yi da shi.

Zaman farko kada ku taɓa yaƙi. Ku yi ƙauyensu, iyayensa, sana'arsa kafin soja, da yadda aka yi ya shiga. Nan akwai labari mai yawa, domin sojan Najeriya da bai wuce mutum dubu goma ba kafin yaƙi ya kai wajen dubu 250 a ƙarshensa, kuma akasarin ƙarin nan samari ne da aka kwaso daga gona da kasuwa da tasha, aka ba su horon makonni kaɗan aka tura. Wa ya kai shi? Iyayensa sun sani, ko gudu ya yi? A Zariya aka horar da shi ko a wani wuri? Wane saje ne ya fi gasa musu aya a hannu suna kurata? Fam nawa ne albashin farko, kuma me ya saya da shi?

Ka lura da irin tambayoyin nan. Ingancin aikinka duka a nan yake. "Yaya yaƙin ya kasance?" ba tambaya ba ce, amsarta "ai yaƙi ba daɗi" ce, shi ke nan. "Kun ji tsoro?" kuma tsohon soja zai ce a'a ko da ya ji. Tambayi abin da hannu ya taɓa, baki ya ci, hanci ya shaƙa. Me kuka ci ranar da kuka shiga garin, wa ya dafa? Ina kuke samun ruwa? Takalminka ya kai wata nawa? Wa ke kwana kusa da kai a rami, mutumin ina ne, da wane yare kuke magana? Yaya ƙarar ogbunigwe take, nakiyar nan da 'yan Biyafara suka ƙera da kansu, kuma da me kuke gane inda aka binne ta? Bahaushen da ya tashi a fili, yaya ya ji da ya tsinci kansa a dajin kwakwar manja inda ba ya ganin taku goma gabansa, ruwa na zuba kwana da kwanaki? Ta yaya kuke sallah, wa ke limanci, wa ke yi wa mamaci sutura? Wasiƙa tana zuwa, wa ke karanta wa wanda bai iya ba? Tsoro da baƙin ciki za su fito da kansu ta cikin waɗannan, ba sai ka kira sunansu ba.

Tambaya ɗaya a lokaci ɗaya. In ya yi shiru kada ka cike masa gurbi, ƙirga goma a zuci. Mafi yawan masu naɗa a nan suke ɓata aikinsu, shiru ya dame su su jefo wata tambaya, alhali tsoho yana auna ko zai faɗi abin da bai taɓa faɗa ba. Rage "na'am" da "ƙwarai" da "ikon Allah" a kan maganarsa, gyaɗa kai ya isa, in ba haka ba muryarka za ta hau tasa ka kasa rubutawa. In wata tambaya ta faɗo maka yana cikin magana, rubuta ta a takarda ka jira.

Labaran nan biyu zuwa uku da ka ce yana maimaitawa, bar shi ya ba da su cikakku a zama na biyu, kada ka ce ka riga ka ji. Sun goge ne saboda yawan faɗa, kamar tsohon sule, kuma sai ya sauke su kafin sauran su sami hanya. Bayan ya gama sai ka shiga ta gefensu: daren da ya gabaci ranar ina kuka kwana, washegari me ya faru, wane ne ya ɗauki wanda aka harba? Gefen labari bai sha gyara ba, don haka ya fi tsakiyarsa gaskiya.

Sannan ka riƙa rabe gani da ji, cikin ladabi. "Kaka, kana wurin, ko labari ya iso ku?" Bayan shekara hamsin, abin da mutum ya gani, da abin da abokinsa ya ba shi, da abin da rediyo ta faɗa, sukan narke su zama abu ɗaya, ba tare da ya yi niyyar ƙarya ba. Abagana misali ce: labarinta ya zaga ko'ina, har mutanen da suke wata runduna sukan ba da shi kamar suna cikin ayarin. Adadi kuma kada ka dogara da shi ko kaɗan. Farabiti yana ganin abin da ke gaban raminsa ne, in ya ce an kashe dubu, abin da yake nufi shi ne gawa ta yi yawa. Kada ka yi masa gardama a kan naɗi. Haka in ya zo kan laya da guru da maganin bindiga, ko wani samanja da harsashi ba ya huda shi. Naɗi yadda ya faɗa, ka tambayi wa ya ba shi, nawa ya biya, wace doka aka gindaya masa. Ko ka yarda ko ba ka yarda ba, da wannan imanin mutane suka shiga wuta, don haka yana cikin tarihin.

Akwai inda zai yi nauyi. Yaƙin nan an kashe fararen hula a cikinsa, sanannen ciki shi ne na Asaba a Oktoban 1967. Yunwa ta kashe yara ba adadi a yankin Biyafara. An kwashi dukiya, an ɗauki mata. Mai yiwuwa kakanka ya gani, mai yiwuwa ma fiye da gani. Kada ka fara da nan, kada kuma ka yi kamar babu. Wajen zama na huɗu ko na biyar, buɗe ƙofar da tambaya mai faɗi: yaya kuka sami mutanen gari in kun shiga, me ake yi da wanda aka kama? In ya shiga, saurara ba tare da ka wanke shi ko ka yanke masa hukunci ba. In ya kauce, bar shi, ka sake gwadawa sau ɗaya wata rana, daga nan ka haƙura. In ka ga hannunsa na rawa, ko numfashinsa ya canja, ko ya ƙura wa wuri ɗaya ido ya daina jin ka, tambaye shi ko a tsaya, ka ba shi ruwa. Hawaye kaɗai ba dalilin kashe naɗi ba ne, shi zai zaɓa. Kada ka taɓa rufe zama a kan mutuwa: minti goma na ƙarshe ka dawo da shi kan ranar da ya iso gida, ko aurensa, ko gonarsa. Washegari ka tambayi kakarka yadda ya kwana. In mafarkai da firgita suka dawo suka wuce 'yan kwanaki, dakatar da aikin a kai shi ga likita. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kaduna da Maiduguri da Kware.

Ita ma kakar taka, in tana raye, ka ba ta zama nata ita kaɗai, ba a gabansa ba. Ita ta san yadda ya dawo. Abokansa na ƙungiyar 'yan mazan jiya kuwa, haɗa su hira ɗaya yana da amfani don suna tuna wa juna sunaye, amma sai bayan ka gama da shi shi kaɗai. In ka fara da taro, mai igiya uku zai danne mai igiya ɗaya kamar suna bariki, kuma labarin mai babbar murya zai zama na kowa.

Duk ranar da ka naɗa, kafin ka kwanta ka kwafe shi wuri uku: wayar, kwamfuta ko filashi, da ma'ajiyar intanet irin Google Drive. Sa wa kowane suna mai kwanan wata da lambar zama. Na asali kada ka yanke shi, kada ka gyara, yi aiki da kwafi.

Rubutawa ita ce wahalar da ba a faɗa wa mutane. Awa ɗaya ta magana takan ci awa biyar zuwa takwas kafin ta koma takarda, ta ba ka kalma dubu bakwai zuwa tara. Zama shida ke nan ya kai aikin mako guda cur ba tashi, don haka rubuta kowane zama kafin na gaba, wanda zai kuma nuna maka ramukan da za ka cike. Manhajojin mai da murya rubutu suna tuntuɓe da Hausar tsofaffi da sunayen garuruwa, in ka yi amfani da su sai ka bi layi-layi da kunne. Rubuta yadda ya faɗa. In Basakkwace ne ko Bazazzagi kada ka mai da shi Bakano. Hausar bariki, su kofur da gadirum da fareti, ka bar ta yadda take. Sa alamar minti a kowane shafi don ka iya komawa. Sunan gari ka rubuta yadda bakinsa ya furta, ka bi shi da yadda yake a taswira. Zai yi ta cewa Inyamurai, domin da ita ya tashi. Bar ta a maganarsa, amma a naka rubutun ka ce Ibo, don masu sunan ba sa son waccan.

In ya iya rubutu, boko ko ajami, ba shi littafin rubutu mai shafi 80 da biro biyu, ka ce duk abin da ya faɗo masa da dare ya sa a ciki, ko da sunan mutum ne kawai. Wasu tsofaffin sun fi sakewa da takarda, musamman kan abin da suke jin nauyin furtawa. Kada dai ka jira littafin ya cika kafin ka naɗa.

Wajen haɗa littafi, jera labaran bisa tafiyar lokaci, ka cire tambayoyinka da maimaici, amma kada ka sa masa kalmar da bai faɗa ba. Bayanin da ka samo daga waje, kamar kwanan watan faɗuwar gari, ya zauna daban a gajeriyar shimfiɗa a farkon babi, yadda mai karatu zai san muryar wa yake ji. Inda ƙwaƙwalwarsa ta saɓa da tarihin da aka rubuta, bar tasa, ka nuna saɓanin a ƙasan shafi. Inda ya jingina wa wani mutum kisa ko sata ko gudu daga fagen daga da suna, cire sunan a abin da za a buga, domin mutumin yana da 'ya'ya da jikoki, kai kuma shaidar baki ɗaya gare ka. Sai ka karanta masa duka da babbar murya, babi-babi, yana da ikon cewa a cire wannan, ko a ɓoye wancan sai bayan ransa. Rubuta abin da kuka yi yarjejeniya a kai, ya sa hannu ko ya dangwala, wani babba a gidan ya shaida, saboda bayan rasuwarsa ne 'yan'uwa kan taso da cewa an tona asirin gida.

Kada ka fara da buga dubu. Kwafi 30 zuwa 50 sun ishi dangi da abokansa, daga nan ka ga ko akwai masu nema. Ka tuntuɓi Gidan Arewa da ke Kaduna ko sashen tarihi na jami'ar da ke kusa da kai, ka ji sharuɗɗansu na karɓar ajiya. In za ka kai, haɗa da muryar da takardar yardarsa da hotunan takardunsa, ba littafin kaɗai ba, ka kuma rubuta musu a fili sassan da ya ce kada a buɗe da ransa.